MATAR SOJA, KWALBA DA WAYA: INA IYAKAR RUFIN ASIRI?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan uwa, akwai tambayar da na daɗe ina juyawa a raina, na ga gara mu tattauna ta a fili tunda ba gida ɗaya ta shafa ba. Mace ce tana auren soja, Musulmi ɗan Musulmi. Ya je bakin daga, Allah ya dawo da shi da rai, amma ya dawo yana shan giya. Ta kasa gaya wa iyayenta, ta kasa gaya wa nasa, maƙwabciyarta ta bariki kuwa ko kusa. Sai ta ɗauki waya da tsakar dare, ta ɓoye sunanta, ta rubuta wa mutanen da ba ta taɓa gani ba halin da take ciki, tana neman mafita. Shin wannan baiwar Allah ta ci amanar mijinta? Ta yi gibarsa? Ta yaye masa suturar da aure ya ɗora mata ta rufa masa?

Irin wannan saƙo yana shigo mini, kuma na san yana shigar wa malamai da dama. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yawancinsu ba da maganar giyar suke farawa ba, da neman afuwa suke farawa. Malam ka yi haƙuri, na san bai kamata in faɗi sirrin mijina ba. Wato kafin ta kai ga ciwon da ya hana ta barci, sai ta fara tuba daga laifin buɗe baki. Wannan ya nuna tarbiyya, kuma ina girmama ta. Amma ya nuna kuma mun koyar da rabin darasin sutura, mun bar ɗaya rabin.

Wanda bai taɓa zama a bariki ba, da wuya ya gane nauyin shirun nan. Ɗakuna ne a jere, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya, tarin da ka yi a ɗakinka na kusa da kai ya ji. Ɗakin da take kwana, makarantar yara, katin asibiti, duk a jikin aikin mijin suke rataye. In magana ta fita daga bakinta ta kai kunnen magajiyar bariki, gobe tana wurin samanja, jibi tana teburin oga. Daga nan kuma ba ita ke da iko da ita ba: ko gadirum, ko rage girma, ko ma a tuɓe masa kaki gaba ɗaya. To mace tana da 'ya'ya huɗu, ina za ta kwashe su ta kai? Saboda haka idan ta yi shiru, ba kunya kaɗai ba ce, har da lissafin tuwon gobe.

Ita kuwa giyar ba ta da nisa. A Kano Hisba takan tara kwalabe dubbai a bi ta kansu da mota a farfasa, amma a aikace dokar jiha a bakin ƙofar bariki take tsayawa, kasuwar mami kuma tana ciki. Abin takaici ma, matar da aka sa wa kasuwar sunanta, Mammy Ochefu, wani abin sha mai kama da kunu ta fara sayar wa sojoji a barikin Inugu a 1959, babu maye a cikinsa. Yau kuwa ga ta kwalba, ga ogogoro, ga burkutu a bayan gari, ga 'yar ƙaramar leda da ake sakawa a aljihun wando, kuɗinta bai kai na kwanon abinci ba.

Me ya sa yake sha? Na san wani zai ce, Malam, ai babu wani dalili, rashin tsoron Allah ne kawai. A kan wasu haka ne. Akwai wanda tun yana kurtu abokai suka ja shi, babu yaƙin da ya gani. Amma mu yi adalci. Tun 2009 ake yaƙi a arewa maso gabas, aka yi Lafiya Dole, a 2021 aka mayar da sunan Haɗin Kai, ga dazukan Zamfara da Katsina da Birnin Gwari. A watan Agustan 2018 har bore wasu sojoji suka yi a filin jirgin saman Maiduguri, babban kukansu shi ne sun yi shekara da shekaru a bakin daga ba a canja su ba. Mutumin da ya tsinci sassan jikin abokin da suka ci abinci a kwano ɗaya da safe, ya dawo gida, ƙarar rufe ƙofa tana sa shi zabura, in ya rufe ido abin ya dawo masa sabo, wannan mutumin barci yake nema ko ta halin ƙaƙa. Giya kuma takan ba shi barcin farkon dare. Abin da ba ta gaya masa ba shi ne ita ce za ta tashe shi a ƙarshen daren, da mafarkin da ya fi na jiya muni, da bugun zuciya, da gumi. Gobe sai ya ƙara yawan abin da ya sha don ya samu abin da ya samu jiya. Da haka jiki yake sabawa, har ya kai ga in bai sha ba hannunsa rawa yake. Wani sahabi, Ɗariƙ bin Suwaid, ya gaya wa Manzon Allah (SAW) cewa shi don magani yake haɗa ta, sai aka sanar da shi cewa ita kanta cuta ce. Sojan da yake neman barci a kwalba shi ne tafsirin wannan hadisi da idonmu yake gani.

Kada wani ya fahimce ni a baibai. Fahimtar dalili daban, halattawa daban. Giya haramun ce a bariki kamar yadda take haramun a cikin gari, babu ayar da ta togace mai kaki. Na kawo wannan ne don wanda bai san yadda ƙaya ta shiga ba, wajen cire ta sai ya ƙara tura ta ciki.

To mu koma kan tambayarmu. Musulunci ya kwaɗaitar da rufin asiri matuƙa, kuma a Suratul Baƙara an kamanta miji da mata da tufa, kowanne ga ɗan uwansa. Sai dai na lura abubuwa biyu ne muke cakuɗawa, muna kiransu da suna ɗaya. Akwai ɓoye shi daga idon mutane, akwai kuma ɓoye shi daga idon kansa. Na farkon shi ne sutura: ba ta tallata shi a gidan biki ba, ba ta wulaƙanta shi a gaban 'ya'yansa ba, ba ta sa danginta sun raina shi ba. Wannan ibada ce, Allah ya ba ta lada. Na biyun kuwa shi ne ta wanke aman tun kafin ya farka, ta kwashe kwanukan da ya fasa, ta buga waya wurin aikinsa ta ce zazzaɓi ne ya kwantar da shi, ta ci bashin adashe ta cike gurbin albashin da ya ƙare a mami, in ya tambayi abin da ya faru jiya ta ce babu komai. Sai ya tashi da safe ya ga ɗaki tsaf, abinci a rufe, kowa yana gaishe shi. Me zai sa ya yarda yana da matsala? Ita tana ganin rufa masa asiri take yi, alhali madubin da zai ga kansa a ciki take ɗaukewa. Kuma duk wata sai abin ya ƙara girma, har ranar da zai fashe a inda babu wanda zai iya rufe shi, a filin fareti ko a kan titi da bindiga a hannu.

Saboda haka idan aka ce mini mace ta nemi shawara a kan wannan, tambayata ta farko ba ita ce me ya sa ta yi magana ba. Tambayata ita ce wa ta gaya wa, nawa ta faɗa, kuma don me. Hindu 'yar Utba ta zo gaban Manzon Allah (SAW) ta kama sunan mijinta Abu Sufyan, shugaba a cikin Ƙuraishawa, ta ce marowaci ne, ba ya ba ta abin da zai ishe ta da ɗanta. Ba a ce mata ta yi giba ba, amsa aka ba ta. Daga wannan da makamantansa Imamu Nawawi ya lissafa wurare shida a Riyadus Salihina da ambaton aibin mutum yake halatta, a ciki har da kai kukan zalunci ga wanda zai iya share hawaye, da neman taimako don kawar da abin ƙi, da neman fatawa. Ya ƙara da cewa a wajen neman fatawa abin da ya fi tsantseni shi ne mai tambaya ya sakaya, ya ce wani miji ne ya yi kaza, ba tare da kama suna ba, duk da kama sunan ma ya halatta.

A nan ne na ga wani abu da ban ji ana faɗa ba. Wannan sakayawar da Nawawi ya fi so, a da kusan ba ta yiwuwa ga mace. In ta shigo zauren malamin unguwa ta ce wani miji ne yake yin kaza, ai malam ya san muryarta, ya san mijin, shi ya ɗaura musu aure. Almajirin da ke bakin ƙofa ma ya gane ta. Yau kuwa tana iya tambayar likita ko malami da ke nesa da ita da tafiyar kwana guda, bai san sunanta ba, bai san barikinsu ba, ko sun haɗu a mota ba zai gane ta ba. Ta samu shawara, shi kuma mijin mutuncinsa yana nan yadda yake. Malamai sun yi bayani cewa aibin da aka ambata na wanda mai sauraro bai san ko wane ne ba, kuma ba shi da hanyar sani, ba ya shiga giba. Wayar nan da muke yawan zagi a kan mumbari, kuma ta cancanci zagin a wurare da yawa, a wannan gaɓar ta haɗa mana abubuwa biyu da a da sai dai a zaɓi ɗaya a bar ɗaya.

Amurkawa sun riga mu lura da wannan, don su ma yaƙin Iraƙi da na Afganistan ya dawo musu da dubban sojoji masu irin wannan matsala, kuma su ma sojansu yana tsoron in ya je asibitin soja maganar ta shiga fayil ɗinsa. Sai masu bincike na cibiyar RAND suka tsara wani shiri a intanet mai suna Partners Connect, darasi huɗu, ba don sojan ba, don matarsa, ta yi a ɗakinta babu wanda ya sani. Sun gina shi ne a kan wata hanya da ake kira CRAFT, wadda Robert Meyers na Jami'ar New Mexico ya assasa don iyalan mashayin da ya ƙi yarda ya nemi magani. A wani bincike da aka buga a 1999 an gwada hanyoyi uku. Iyalan da aka koya wa wannan hanya, kashi 64 cikin ɗari sun samu mashayin nasu ya yarda ya fara karɓar magani. Waɗanda aka koya wa su taru su tsare shi da magana gaba da gaba, kashi 30. Waɗanda aka tura irin zaman da iyalan mashaya suke yi don rarrashin juna kuwa, kashi 13. Shi kuma shirin matan sojojin, da aka gwada shi, an ga damuwar matan ta ragu, sun kuma ƙara jin cewa suna da mai tallafa musu. Kada a raina wannan. Macen da ta yi wata shida ba ta yi barcin kirki ba, ba ta da ƙarfin da za ta ja kowa daga rami.

Na san masu cewa, to fa, Malam ya koma kawo mana tsarin Turawa. Ku tsaya ku ji abin da ake koya mata tukuna. Ana koya mata kada ta yi masa maganar shan a lokacin da yake cikin maye, ta bari sai ya wartsake. Ta faɗi abin da ya faru da yadda ta ji, ba ta jefe shi da suna ba. Ranar da ya dawo garau ta nuna masa bambanci a fuska da hira da kulawa, ranar da ya dawo a buge ta janye cikin natsuwa ba tare da faɗa ba. Ta daina goge masa sawun abin da ya aikata. Ta lura da abin da yake tunzura shi, wane aboki, wace rana a wata, wane irin labari. Kuma ta tanadi sunan asibiti da lokacin ganin likita a hannu, don ranar da zai ce na gaji, ƙofar ba ta daɗewa a buɗe. Don Allah wanne ne a ciki ya saɓa wa shari'a? A Suratun Nisa'i, kafin haramcin ƙarshe ya sauka, an hana mai maye kusantar salla har sai ya san abin da yake faɗa. To wanda bai cancanci ya gana da Ubangijinsa a wannan halin ba, wa'azinki na ƙarfe ɗayan dare ina zai shiga? Nana A'isha (RA) ta yi bayani cewa da hana giya aka fara saukarwa da mutane sun ce ba za su taɓa bari ba, sai da aka fara gina zukata da ambaton Aljanna da wuta. Hukunci ya riga ya kammala a Suratul Ma'ida, babu mai dawo da shi baya. Amma ɗan Adam ɗin da aka bi a hankali a Madina, shi ne dai ɗan Adam ɗin da ke bariki.

Inda muka rabu da wasu daga cikinsu shi ne su a wurinsu in ya rage sha ya koma daidai misali, an gama. Mu a wurinmu babu daidai misali a giya. Ragewa hanya ce, masauki shi ne bari gaba ɗaya.

Yanzu kuma bari in juyo kan ɗaya fuskar, don kada wata ta ce Malam ya ce a je a baza. Akwai shafukan da mace za ta tura sirrinta, mai shafi ya manna shi a fili ya ce jama'a ku ba ta shawara. Cikin awa biyu alƙalai dubu sun zauna. Rabi suna cewa ki fita tun kafin ya kashe ki, rabi suna cewa haƙuri dai 'yar uwa, Aljannarki ce, wasu suna dariya, wasu suna zagin sojoji baki ɗaya. Babu likita a cikinsu, babu wanda zai kwana da matsalar. Kuma ta ɓoye suna, amma ta faɗi muƙaminsa, da garin da suke, da yawan 'ya'yansu, da watan da ya dawo daga Borno. Wace sakayawa ta rage? Maƙwabciyarta tana karantawa ta gane, ta ɗauki hoton rubutun ta jefa a zauren WhatsApp na matan layinsu. Wannan kam tonon asiri ne, ko da ba ta yi niyya ba, don izinin da shari'a ta bayar na kai kuka ga mai iya magani ne, ba ga 'yan kallo ba. Bayan haka sai masu farauta su biyo ta ta bayan fage. Wani ya zo da tausayi, yau nasiha, gobe ina kwana, jibi turo hotonki, ya san mijinta yana daji kuma zuciyarta a raunane take. Wata ta zo da garin magani, wai a barbaɗa masa a abinci ba da saninsa ba zai tsani giya har abada. Ina roƙonki da girman Allah kada ki zuba wa mutum abin da ba ki san mene ne ba. Akwai magungunan da in suka haɗu da giya a jiki suna iya kai mutum kushewa. Ƙari a kan haka, matar soja tana riƙe da sirrin da ba na gidanta kaɗai ba, faɗin inda aka tura rundunarsu yana iya jawo asarar rayuka.

Duk lokacin da ake maganar soja da giya, Abu Mihjan As-Saƙafi yake faɗo mini. Jarumi ne, mawaƙi, amma giya ta kama shi, an yi masa bulala ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. A yaƙin Ƙadisiyya, wajen shekara ta 15 bayan hijira, kwamandan rundunar Musulmi Sa'adu bin Abi Waƙƙas (RA) ya sa aka ɗaure shi da mari. Sa'adu kansa ba shi da lafiya, daga saman gini yake kallon yaƙin. Abu Mihjan yana jin ƙarar takubba yana ɗaure, abin ya ishe shi. Ya roƙi Salma matar Sa'adu ta kwance shi, ya yi mata alƙawarin in bai mutu ba zai dawo da ƙafarsa ya mayar da marin. Ta yi jinkiri, daga baya ta kwance shi. Ya hau Balƙa'u, dokin Sa'adu, ya shiga cikin Farisawa ya yi abin da ya sa Sa'adu yana daga sama yana mamaki, yana ganin dokin kamar nasa, saran kuma kamar na mutumin da ya san a ɗaure yake. Da aka tashi, ya dawo ya mayar da ƙafarsa cikin mari kamar yadda ya ce. Da Sa'adu ya ji labari ya sake shi, ya ce ba zai ƙara yi masa bulala ba. Shi kuma a nan take ya yi rantsuwar ya bar giya har abada. Ibnul Ƙayyim ya kawo wannan ƙissa a I'ilamul Muwaƙƙi'ina a inda yake bayanin jinkirta haddi a fagen yaƙi.

Ni abin da nake kallo a ciki shi ne, abin da bulala ta kasa yi shekara da shekaru, yarda ta yini ɗaya ta yi shi. Mutumin da kowa ya gama yanke masa hukuncin mashayi, wata mata ta ɗauke shi a matsayin mai cika alƙawari, sai ya cika. Amma kada mu yi wa ƙissar kwalliyar da ba ta da ita. Salma ta karɓi alƙawari ne takamaimai, mai lokaci, wanda za a gani in an cika ko an saɓa. Ba cewa ta yi je ka, na san kai mutumin kirki ne, ta kuma maimaita haka sau ɗari ba. Kuma ba kowane mashayi ne Abu Mihjan ba.

Kai kuma ɗan uwana soja, in kana karanta wannan, ban zo in tsine maka ba, ba ni ma da izinin haka. A zamanin Manzon Allah (SAW) akwai wani mutum mai suna Abdullahi, ana yi masa laƙabi da Himar, yakan ba Annabi dariya, kuma an sha kawo shi saboda giya. Wata rana wani ya tsine masa saboda yawan kawo shi da ake yi, sai Annabi ya hana, ya kuma yi masa shaidar yana son Allah da Manzonsa. Bukhari ne ya ruwaito. Abu ɗaya nake roƙonka: kada ka bar salla. Na san hadisin kwana arba'in ya sa da yawa sun ce tunda ba za a karɓa ba me zai sa in wahalar da kaina. Malamai sun yi bayani cewa ladan ne ake hana shi a matsayin horo, wajibcin yana nan a wuyansa, wanda ya tuba kuma Allah yana karɓar tubarsa. In ka bar ta ka tara laifi biyu, na biyun ya fi na farkon girma. Kuma in ka gano matarka ta nemi shawara a kanka a ɓoye, kafin ka ɗaga murya ka tuna tana da hanyar ofishin oganka, ta san ƙofar gidan iyayenta, ba ta bi ko ɗaya ba. Haka nan maganar take in abin ya juya, don akwai sojan da yake dawowa ya tarar kaɗaici ya jefa matarsa cikin shan kodin ko ƙwaya. Shi ma ya nema mata magani da irin suturar da zai so a yi masa.

Sai dai akwai inda waya take tsayawa, kuma dole in faɗe shi ɓaro-ɓaro. In ya fara duka, ko ya taɓa nuna miki makami, ko yana cewa zai kashe kansa ko ya kashe wani, ko yana ɗaukar yara a babur a buge, to an wuce wajen sakaya suna. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ki fara fitar da kanki da yara zuwa inda za ku tsira, sannan a sanar da wanda zai iya riƙe hannunsa, ko da hakan zai taɓa aikinsa. Rai yana gaba da albashi, yana gaba da mutunci a idon maƙwabta. Duk malamin da ya ce wa macen da ake duka ta koma ta yi haƙuri kawai, ba tare da an ɗauki wani mataki ba, ya ji tsoron Allah. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu suke aiki da ita, mace tana da haƙƙin neman alƙali ya raba aure saboda cutarwa, yana nan a Tuhfatul Hukkam ta Ibnu Asim. Rundunar soja tana da sashen harkokin addinin Musulunci, da limamai masu kaki a barikoki. Ina kira gare su da su sa matan nan su tabbata cewa abin da aka faɗa a ofishin liman ba zai riga su isa gida ba, in ba inda rai yake cikin haɗari ba.

Wani abin kuma da mutanenmu da yawa ba su sani ba: wanda ya daɗe yana sha da yawa kullum, in ya yanke lokaci ɗaya, jikinsa yana iya birkicewa. Rawar jiki, gumi, amai, wani ya faɗi yana shure-shure kamar mai farfaɗiya, a kwana na biyu zuwa na uku wani ya fara gane-gane da sambatu, kuma ana mutuwa a haka. Hakan na iya faruwa a farkon azumi, lokacin da bawan Allah ya ɗaura niyya mai kyau ya ajiye kwalba a daren ganin wata. Sai dangi su ce aljanu ne, a yi ta hayaƙi ana tofi, alhali gadon asibiti yake buƙata a daren. A yi ruƙiyya, ban hana ba, amma a yi ta a hanyar asibiti. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Maiduguri, da Kware ta Sakkwato, da Dawanau ta Kano, ga asibitin sojoji na 44 a Kaduna. In ya ce miki gobe zai daina, ki yi hamdala, sannan ki ce mu fara ganin likita.

Saura tambayar da ta fi kowacce yawan zuwa a ƙarshen saƙonnin: Malam, ya sake ni yana cikin maye, da safe ya ce bai san ya yi ba, ina matsayin aurenmu? Mafi yawan malamai, har da mashhurin Malikiyya, suna ganin sakin wanda ya bugu da haram da ganganci yana aukuwa. An ruwaito daga Sayyidina Usman (RA) cewa ba ya aukuwa, a kan haka Ibnu Taimiyya da Ibnul Ƙayyim suka tafi, dokar iyali ta Masar ma tun 1929 wannan ta ɗauka. Saɓani ne na gaske mai hujjoji ta kowane ɓangare. Amma ni ba na amsa wannan ta waya, kuma ina ba 'yan uwana malamai shawarar kada su amsa. Sai an ji daga bakinsa, wane lafazi ya yi, sau nawa, mayen ya kai ya gusar da hankali ko da saura, akwai saki kafin wannan ko babu. Wannan aikin alƙali ne ko malamin da zai zaunar da ku ku biyu a gabansa, da sunanku, da waliyyinki in da hali.

Wallahu a'alam. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.